Hoton siti na jijiyoyin zuciya ya isa, ko sai an zira waya?

Dan_Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nika nema, musamman ga ma'aikatan lahiya da ke cikin zauren ga. Mahaihinmu shekarunshi 63, yana da hawan jini tun da daɗewa, suga kuma an ce ta hwara leƙowa. Kusan wata biyar ke nan, in ya taka daga gida zuwa masallacin Juma'a sai ya tsaya bisa hanya ya dafe ƙirji, ya ce awa an aza mai buhun gero. In ya huta minti biyu ko uku sai abin ya sake shi. Da hwari mun ɗauka olsa ta, wani mai kyamis ya yi ta ba shi farin ruwan nan har kwalba huɗu. Makon jiya munka kai shi ga likitan zuciya, anka yi mai isiji (awon tsarin bugun zuciya) da eko (hoton zuciya irin na sikanin), likita ya ce ba su nuna abin tashin hankali ba, amma yadda Baba ke kwatanta ciwon bai kwanta mai ba. Ya rubuta muna hoton siti (CT scan, mai nuna cikin jiki) na jijiyoyin zuciya, ya ce mu nemi wurin da injinsu bai kasa mai yanka 64 ba. To kawunmu ya ce ɓarnar kuɗi ta. Wai siti na kai ne da ciki da wanda ya yi hatsari, zuciya kuwa sai an zira waya (siririn bututu) ta jijiyar hannu har zuciya a duba, mu tara kuɗi kawai mu tahi Masar. Wa ad da gaskiya? Kuma mi ake nufi da yankan nan 64?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Dan_Kara:
Amin. Ni dai bayan kawunku nike. Zuciya ba ta tsayawa ko na ƙiftawar ido, ta ina za a ɗauke ta hoto? Ko jikana in yana wutsil-wutsil hoton waya ba ya fita. Zuwa da kai ya fi saƙo, a zira wayar a gani.

Mai_Hoto_Skt:
Alhaji Dan_Kara, da wasa ka faɗa amma ka taɓo ainihin wurin. Aikina ke nan, ɗaukar hoto a asibiti, bari in ɗan yi bayani.

Maganar kawu gaskiya ce a zamanin da ya san abin. Injin siti na farko, wanda wani Bature ɗan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙera, an fara gwada shi a kan majinyaci a Landan a 1971, kuma kai kaɗai yake ɗauka, yanka guda sai ya ci mintoci. Da irin wannan ko kusa ba za a ga zuciya ba. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya faɗinsu milimita 2 zuwa 4 ne, kamar tsinken ashana ko su ɗan fi, ga su kwance a kan naman da ke motsi sau 60 zuwa 100 a minti.

Yanka kuwa, ka ɗauka burodi ne. Injin yana zagaya mutum da hasken eksire, yana fitar da hoton jiki fala-fala kamar an yanka burodi, kwamfuta ta haɗa su. Na da yanka ɗaya yake yi a zagaye guda. A 1998 aka samu mai yanka 4, sai mai 16, sai mai 64 a 2004. Daga nan ne hoton zuciya ya zama abin dogaro. Mai 64 yana rufe kusan santimita 4 a zagaye ɗaya, zuciya kuma tsawonta kusan santimita 12, don haka sai ya ɗauka kashi-kashi cikin bugu da yawa sannan a ɗinke. Shi ya sa muke cewa mutum ya riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. A 2007 kamfanin Toshiba ya fito da mai layi 320 wanda ke rufe santimita 16, zuciya gaba ɗaya cikin bugu guda.

Maganar jikanka mai motsi: ana manna wa majinyaci wayoyin isiji a ƙirji, injin yana kallon bugun. Tsakanin bugu da bugu akwai ɗan lokacin da zuciya ke lafawa tana cika da jini. A wannan ɗan tsakanin yake ƙyasta hoton. Kamar ka jira yaron ya ɗan tsaya ya ja numfashi ne ka danna.

Dan_Kara:
To in zuciyar mai gaggawa ce fa? Tawa ko zaune nike awa ta zomo.

Mai_Hoto_Skt:
Shi ya sa ake ba da ƙwaya kafin a shiga, yawanci metoprolol, don bugun ya sauko wajen 60. In yana 60, kowane bugu daƙiƙa ɗaya ke nan, lafawar tana da ɗan tsawo. In yana 90 lafawar ta matse, hoto ya fito da inuwa. Akwai kuma injin da Siemens suka fito da shi a 2005 mai fitilar eksire biyu suna zagaye tare. Inda mai fitila ɗaya sai ya yi rabin zagaye kafin hoto ya haɗu, wannan kwata ya ishe shi. Shi ya fi haƙuri da zuciya mai sauri.

Hajiyar_Arkilla:
Ɗana Dan_Mabera, sannu da jinya. Ni na ga zira wayar da idona, ko in ce na zauna a bakin ƙofa ana yi. Maigidana muka kai Alƙahira shekaru huɗu da suka wuce, shi ma ciwon ƙirji. Ba mu san da wani siti ba, kai tsaye aka ce a zira. Ta wuyan hannu aka shiga, aikin bai daɗe ba, amma hannun ya yi baƙi ƙirin har gwiwar hannu, sati biyu ko buta bai iya ɗagawa da shi. Ka san me aka gani? Babu komai. Jijiyoyi garau. Ashe ciki ne ke turo masa tsami. Alhamdu lillahi mun gode wa Allah da sakamakon, amma kuɗin jirgi, masauki, tafinta, fili guda muka sayar. Daga baya wani likita a nan gida ya ce da siti aka fara yi da ba a kai ga haka ba. Ni ba likita ba ce, abin da ya same mu na faɗa.

Likita_Bagobiri:
Hajiya, labarinki shi ne dalilin da ya sa aka damu da inganta wannan hoto tun farko. Mutane da yawa da ake zira wa waya don bincike kawai, sai a tarar babu toshewar da ke buƙatar aiki. Ƙarfin siti yana wajen cewa "babu". In hoton ya fito tsaf ya ce jijiyoyi lafiya, da wuya ƙwarai a ce ya yi kuskure. Rauninsa yana wajen cewa "akwai": wani lokaci yakan kambama toshewa fiye da yadda take.

An gwada hanyoyin biyu kai da kai. A 2022 aka fitar da sakamakon wani bincike na ƙasashen Turai mai suna DISCHARGE, mutum sama da 3,500 masu irin ciwon Baba, wanda ke zuwa da tafiya ya tafi da hutu. Rabi aka fara musu da siti, rabi da waya. Bayan shekara uku da rabi ba a ga bambanci na a-zo-a-gani ba wajen bugun zuciya na toshewar jijiya da shanyewar jiki da mutuwa. Amma manyan matsalolin da aikin kansa ke jawowa, ɓangaren siti kashi 0.5 cikin ɗari, ɓangaren waya kashi 1.9. Tun 2016 ma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce ga irin wannan ciwon ƙirji, siti za a fara yi.

Dan_Mabera, ban ga Baba ba, likitan da ya duba shi ya fi ni sanin halinsa, kuma abin da ya rubuta ya yi daidai da abin da ake yi yanzu. Abu ɗaya nake so ka riƙe da kyau: in ciwon ya zo masa yana zaune ko yana kwance, ko ya wuce minti goma sha biyar bai sake shi ba, ko ya zo da zufa da amai, wannan ba maganar neman wurin siti ba ce. Sashen gaggawa za ku nufa a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Dan_Mabera:
Na gode Likita, na gode Hajiya. Na karanta ma Inna saƙonki, ta ce a gaishe ki.

Dan_Kara:
Likita, ranka shi daɗe, tambaya guda. In siti ya ga toshewa, yana buɗe ta?

Likita_Bagobiri:
Ba ya buɗewa, Alhaji. Ido ne kawai, ba shi da hannu.

Dan_Kara:
To ka gani! Ke nan in an samu abu sai an koma ga wayar. Biya biyu. Kawu bai yi ƙarya ba.

Likita_Bagobiri:
Ga wanda toshewarsa ta yi tsanani, haka ne, zai biya biyu. Amma ba duk abin da aka gani ake buɗewa ba. A Sikotland an bi mutum 4,146, wasu an ƙara musu siti a kan binciken da aka saba, wasu ba a ƙara ba. Bayan shekara biyar, a rahoton 2018, waɗanda suka samu bugun zuciya ko suka rasu ta dalilinsa kashi 2.3 ne a ɓangaren siti, 3.9 a ɗaya ɓangaren. Abin lura, yawan waɗanda aka buɗe wa jijiya kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Bambancin ya fi zuwa daga magani. Da aka ga kitse ya fara daskarewa a bangon jijiya, sai aka ɗora mutane a kan maganin rage kitsen jini da asfirin tun da wuri. Wayar tana nuna ramin da jini ke bi ne kawai, kamar ka leƙa cikin bututu. Siti yana nuna ramin da bangon duka.

Ummu_Sadiq:
Ni abin da ke ba ni tsoro hasken nan ne. An ce hoton siti ɗaya kamar an yi wa mutum eksire ɗari ne, kuma yana jawo kansa. Yayata ta ƙi yarda a yi mata na ciki saboda haka.

Mai_Hoto_Skt:
Aunty, tsoron yana da tushe, amma lissafin ya canza sosai. Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowannenmu yana shan kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Wani bincike na asibitoci da dama a duniya da aka buga a 2009 ya samu hoton zuciya yana kai wa wajen 12. Da aka maimaita irinsa a 2017, ya sauko ƙasa da 3. Dalili, da fitilar a kunne take tun daga farkon ɗauka har ƙarshe, yanzu kuwa sai lokacin lafawar nan take kunnuwa ta mutu. An kuma rage ƙarfin wutar ga marasa ƙiba, kwamfuta ta ƙware wajen share dusar hoto. Ga dattijo mai shekara 63 da ciwon ƙirji, haɗarin rashin sanin abin da ke cikin jijiyarsa ya fi na hasken nesa ba kusa ba. Mai ciki ce da yara da 'yan mata muke taka-tsantsan da su sosai. Yayarki ta koma ta tattauna da likitanta, kada ta bar ciwo a ciki saboda jita-jita.

Baban_Iman:
Dan_Mabera, ga shawarar da ba za ka gani a takarda ba: a ɓoye wa Baba goro. Ni an yi mini a Abuja bara. An ce mini kada in sha kofi ko shayi tun daren jiya, na kiyaye. Ba wanda ya ambaci goro, ni kuma ban tambaya ba. Da safe ina zaune a layi, gabana na faɗuwa, na ɓare fari guda na cinye don in samu natsuwa. Aka auna bugu, 92. Aka ba ni ƙwaya, aka jira awa guda, 80. Aka ƙara, da ƙyar ya zo 74. Matar da ke aikin ta dube ni ta ce me ka ci, na buɗe baki zan yi magana ta ga haƙorana. Sai washegari aka yi, na ƙara kwanan otal a banza.

Shi aikin kansa ba komai. An sa mini kanula (robar allura) babba a gwiwar hannu, aka fesa wani abu a ƙarƙashin harshe, na kwanta hannuwa a sama da kai. Da aka tura ruwan rinin da ke sa jijiyoyi su fito a hoto sai na ji zafi ya bi ni daga maƙogwaro har mara, wallahi na ɗauka na saki fitsari a gadon mutane. Ashe kowa haka yake ji. Kafin in gama jin kunya an ce in sauko.

Dan_Kara:
Hahaha! Basakkwace da goro sai Allah. Ni in an hana ni goro kwana guda ai bugun nawa sai ya hau ɗari don haushi.

Nas_Guiwa:
Goro yana da sinadarin da ke cikin kofi, shi ya sa. Haka lemun kwalba baƙi da waɗannan na ƙarin kuzari da samari ke sha. Tunda an zo nan, bari in faɗi wanda maza ba sa son a faɗa. Abin da ake fesawa ko a sa ƙarƙashin harshe yana buɗe jijiyoyi ne don su fito a hoto. In mutum ya sha maganin ƙarfin maza irin su Viagra cikin awa 24, ko irin mai daɗewa a jiki cikin awa 48, haɗuwarsu tana iya faɗar da jini warwas. Kuma da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake tallatawa da lasifika a kasuwa ana cusa musu irin wannan ƙwayar a ɓoye. Don Allah in an tambaya a faɗi gaskiya. In ɗa ne ya rako uba, ya fita waje ya ba su wuri su yi magana.

Dan_Mabera:
Malama Nas, wagga tambaya ba ni ba yi ma Baba ita. Zan dai hita waje kamar yadda kinka ce.

Nas_Guiwa:
Haka ya dace. Sauran abin da za a duba: gwajin ƙoda kafin a yi, saboda ruwan rinin ta ƙoda yake fita, ga shi ka ce akwai suga da hawan jini. In yana shan maganin suga metformin a gaya musu. In yana da asma a gaya musu kafin su ba da ƙwayar rage bugu. In an taɓa yi masa allurar rini jikinsa ya yi borin jini ko numfashi ya sarƙe, wannan ma. Bayan an gama ya sha ruwa sosai, balle a zafin garin nan.

Malam_Kanwuri:
Allah shi ba da lahiya. Ina da tambaya kusa da wannan. Dattawanmu da yawa ba su barin azumin Litinin da Alhamis. Wani zai ce tunda an ce kar ya ci abinci kahin hoto, bari ya haɗa da azumi. Abin da na sani, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta lissafa allurar da ba ta abinci ba, da ƙwayar ƙarƙashin harshe in ba a haɗiye ba, da zira waya cikin jijiya don hoton zuciya, cikin abubuwan da ba su karya azumi. Amma ƙwayar da ake haɗiya da ruwa kam ta karya. Ga kuma Malama ta ce a sha ruwa. Ni dai ina ganin tunda nafila ce, a zaɓi wata rana.

Nas_Guiwa:
Malam, ka sauƙaƙa mana. Mutum ya zo da ƙishirwa a yi masa rini, ƙoda ce ke shan wahala.

Injiniya_Kalambaina:
Ku yi haƙuri in ɗan zuba ruwan sanyi. Duk wannan lissafi na 64 da 320 da fitila biyu yana da daɗin ji, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Na yi aikin wuta da sanyaya ɗaki a wani wurin hoto, ba zan faɗi suna ba. Injin mai tsada, an kawo shi da biki. Ɗakin yana son sanyi dare da rana, mu kuma a watan Afrilu zafi yana haura 40. Wuta ta ɗauke, janareta ya ɗauka, ta dawo da ƙarfi, haka dai har wani allo ya ƙone. Sai da aka yi wata bakwai ana jiran kayan gyara da injiniyan kamfani. Ƙurar hunturu kuma ba ta bar matatun iska ba. Fitilar eksire ɗin ma tana da iyakar rayuwa, in ta mutu kuɗinta kaɗai ya isa ya sayi gida. Saboda haka Dan_Mabera, kafin ka ɗora dattijo a mota zuwa Kano ko Abuja, ka kira ka tabbatar injin yana aiki a wannan makon, ba a allon talla ba.

Mai_Hoto_Skt:
Injiniya ya faɗi gaskiya, in ƙara a kai. Wuri yana iya samun mai yanka 128 amma ba ya hoton zuciya. Sai an sayi manhajar zuciya daban, sai akwai famfon da ke tura rini da sauri, wajen mililita 5 a daƙiƙa, sai kuma likitan hoto da ya saba karanta jijiyoyin zuciya. Tambayoyin da za ka yi a waya: kuna yin na jijiyoyin zuciya da isiji a haɗe? Sau nawa kuke yi a mako? Wa ke karantawa? Mai 64 a hannun waɗanda suke yi kullum ya fi mai 256 a hannun wanda ke yi sau ɗaya a wata. Kuma ku karɓi hoton a faifai, ba takardar sakamako kaɗai ba, don wani likitan ya iya dubawa.

Zaki_Tambuwal:
Ni shekarata 38, lafiyata ƙalau, amma abokina ya faɗi a filin ƙwallo bara, ko asibiti ba a kai ba. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. In je in yi wannan hoton don in san matsayina?

Likita_Bagobiri:
Allah ya jiƙansa. A'a, ba zan ba ka shawarar na rini ba in ba ka da alamar komai. Fara da mai arha: awon jini, suga, kitsen jini, in kana shan taba ka bari. Akwai wani ƙaramin siti da ba a sa rini, ana ƙirga alli, wato sinadarin kalsiyam da ya taru a bangon jijiya, da ma'aunin da likita Arthur Agatston ya fitar a 1990. Sifili alama ce mai kyau, sama da 400 alama ce ta tarin ciwo. Amma an fi yin sa ga wanda ya haura arba'in kuma ana shakkar a fara masa maganin kitse ko a jira. A shekarunka kitsen yakan kasance mai laushi bai zama alli ba, sai ka samu sifili ka saki jiki. Sannan matashin da ya faɗi a fili sau da yawa ba toshewar jijiya ba ce, ciwon naman zuciya ne ko na tsarin bugunta, wanda isiji da eko suka fi nunawa. In a danginku akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, ka ga likitan zuciya a asibitin koyarwa.

Zaki_Tambuwal:
Na gode Likita. Tabar ce dai matsalar.

Injiniya_Kalambaina:
Likita, na ji ana maganar wani sabo mai ƙirga haske. Talla ce ko da gaske?

Likita_Bagobiri:
Da gaske ne. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na farko a 2021, na Siemens. Injinan da muka saba da su suna mayar da eksire ya zama haske na gani, sannan hasken ya zama wuta, a nan ake asarar kaifi. Sabon yana ƙirga ƙwayoyin hasken ɗaya bayan ɗaya kai tsaye, har da ƙarfin kowace. Yankansa yana sirancewa har milimita 0.2. Amfaninsa ya fi fitowa a inda tsoffin ke kasawa. Alli a hoton siti yana ƙyalli ya bazu, kamar fitilar babbar mota da dare a hanyar Gusau, ka kasa gane faɗin motar. Sai toshewar rabi ta yi kama da ta kashi 80. Haka ragar ƙarfen da ake sa wa jijiya, in ƙarama ce ba a ganin cikinta. Sabon yana rage wannan ƙyallin. Amma tsadarsa ta sa ko a Turai manyan cibiyoyi ne suka fara samu. Baba ba ya buƙatar jiran sa.

Dan_Kara:
Mu da ke faman a samu wuta ta kwana, ana maganar ƙirga ƙwayar haske.

Admin_Zaure:
Jama'a a riƙa tunawa, shawara ce muke ba juna, ba takardar likita ba. Wanda ya turo tallar maganin wanke jijiya na kwana bakwai, na goge, kada a sake.

Dan_Mabera:
Salamu alaikum. Ku gahurce ni, kwana goma sha biyu ban leƙo ba. Mun kira wuri uku. Na hwarko sunka ce injin ya lalace, na biyu sunka ce suna da 128 amma ba su yin na zuciya, daidai yadda Mai_Hoto ya ce. Na uku munka tahi. Gwajin ƙoda ya yi kyau. Goro kuwa Inna ta kwashe shi tun kwana biyu kahin tahiya, Baba bai yi muna magana ba har Zariya. Bugunshi ya sauko 58, sau guda anka ɗauka.

Sakamako: alli 212. Jijiyar dama da ta baya 'yan tabo kaɗan. Amma ta gaba, wadda ke saukowa ta hagu, an rubuta ta tsuke kashi 50 zuwa 69, da wani abu CAD-RADS 3. Mun kai ma likitanmu, ya ƙara magani, ya sa na kitse da asfirin da na ƙarƙashin harshe don ko-ta-kwana, ya ce za a yi wani gwajin a ga ko jini na isa in zuciya ta yi aiki da ƙarhi. Kawu kuwa ya ce ai ga ta nan, da Masar munka tahi da yanzu an buɗe an wuce wurin.

Hajiyar_Arkilla:
Alhamdu lillahi da aka gano. Ka ga da ana nan ana ta shan ruwan olsa.

Dan_Kara:
Ni ban ce komi ba. Amma na ce biya biyu ko ban ce ba?

Likita_Bagobiri:
Ka ce, Alhaji, amma ba a kai can ba tukuna. Ma'aunin CAD-RADS na tsukewar jijiya ne, daga 0 yake zuwa 5. Sifili babu komai, 5 ta toshe gaba ɗaya, 4 daga kashi 70 zuwa sama. Uku ita ce ta tsakiya mai sa gardama, don ido kaɗai ba ya iya cewa tana hana jini ko ba ta hanawa. Ko da wayar aka zira aka ga haka, likitan kirki sai ya auna matsin jini gaba da bayan wurin kafin ya sa raga. Yanzu akwai manhajar da ke lissafa wannan matsin daga hoton siti ɗin kansa, kamfanin HeartFlow ya samu izini a Amurka tun 2014, sai dai ana tura hoton ne can a biya kuɗi daban. Gwajin da likitanku ya ce shi zai yi wannan aikin. Kuma babban binciken ISCHEMIA, mutum sama da 5,000, wanda aka buga a 2020, ya nuna ga masu ciwon da bai tsananta ba, gaggawar buɗewa ba ta rage mutuwa fiye da magani mai kyau ba, ta dai fi rage jin ciwon. In Baba ya sha magani wata biyu ko uku yana isa masallaci ba tsayawa, magana ta canza. In har yanzu yana tsayawa, ko gwajin ya nuna jini ba ya isa, to lokacin kawu ya yi.

Mai_Hoto_Skt:
Da alli 212 ma akwai yiwuwar ƙyallin ya ɗan ƙara wa lambar. Kun karɓo faifan?

Dan_Mabera:
Mun karɓo, yana wurin Inna cikin adaka tare da takardun gida. Kawu ya ce a ba shi ya aika ma wani tafinta da ya sani a Alƙahira ya nuna ma likitocinsu. Baba ya ce duk wanda zai aika ya aika, shi dai a maido mai goronshi. Malama Nas, ya halatta ya koma ci, ko sai bayan gwaji na biyun?

Nas_Guiwa:
Ya danganta da irin gwajin. In na tafiya a kan inji ne da sauƙi, in kuwa na allura ne akwai wanda goro ke ɓata shi gaba ɗaya. Ka tambayi likitan wanne zai yi kafin Inna ta buɗe ma'ajiya.